Tafin Hannun Sharhabilu

Idan Sharhabilu zai zo gidana, abu na farko da nake yi shi ne in kashe fankar falo. Ba wai ba ya son iska ba ne. In na bar ta tana juyawa, ba zai amsa gaisuwata yadda ya kamata ba. Zai zauna ya ce "lafiya lau" idonsa na sama, can sai ki ga ya miƙe ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango, ya lumshe ido. Daga nan sai ya ce, "Harira, fiffike ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi." Sai in ce masa to ya aure ta mana, tun da ya fi damuwa da ita a kan mutanen gidan. Kafin in dawo daga kicin da ruwan sha, ya riga ya taka min kujera yana kwance noti.

Ni da shi taubasai ne. Mahaifinsa, Kawu Tukur, wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka babu abin da bakina bai taɓa gaya masa ba, shi ma kuma bai taɓa raga min ba. Yana kirana baiwar gidansu, ni kuma ina kiransa bakaniken fanka, alhali na san sarai ba fanka ce sana'arsa ba. Jirgi mai saukar ungulu yake gyarawa, helikwafta. Duk wanda ya yi aiki da shi a sansanin sojan sama na Mando zai gaya miki abin da aka san shi da shi: ya shiga jirgi a tashi da shi sama, ya ɗora tafin hannunsa na dama a jikin ƙarfe, ya faɗi inda ciwon jirgin yake. Da hannun nan ya ci abinci, da shi ya yi aure, ya gina gida, ya kai Kawu Makka. Hannun nan ne kuma ya fara rawa bara, kowa ya gani ban da mai hannun. Mun san duk ranar da ya yarda da haka, ranar zai daina hawa jirgi, mu kuwa ba mu san wani Sharhabilu da ba ya hawa jirgi ba.

Abin tun muna yara ne a Unguwar Kanawa. Akwai wata maƙwabciyarmu, Yalwa, mai injin markaɗe. In aka aiki Sharhabilu markaɗen kayan miya, to a sauke tukunya a jira. Mahaifiyata za ta gaji ta ce in je in taho da shi ko da duka ne. Sai in tarar an daɗe da markaɗa nasa, ƙuda na bin bokiti, shi kuwa yana tsugune hannunsa a jikin injin. Ya ce min wai yau injin Yalwa ba shi da lafiya. Wani lokaci yakan dace, injin ya mutu bayan kwana biyu. Sau da yawa kuma injin ya ci gaba da aikinsa har a manta da maganar. Amma waɗanda ya dace ɗin su kaɗai yake ba da labari har yau, in na tuna masa sauran sai ya ce baiwa ba ta da hurumin ba da tarihi.

Kawu Tukur akawu ne a ma'aikatar ayyuka, mutum mai son farar riga da tsabtar farce. Burinsa ɗansa ya zauna a ofis da fanka a kansa, ba ya hau kujera yana kwance ta ba. Da Sharhabilu ya gama sakandare ya ce shi sojan sama zai shiga, Kawu ya yi murna, a zatonsa matuƙi zai zama. Da ya zo hutun farko da baƙin mai a ƙarƙashin farce, Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wato duk faɗin Mando, bakanike ka je ka zama." Sharhabilu ya ce, "Baba, ai matuƙin ma sai na ce ya tashi yake tashi." Wallahi ranar na yi dariya har Kawu ya kore ni daga ɗakin.

Tun daga lokacin ba mu sake zama taron suna ko biki lafiya ba. Da ya sami mutum biyu sun zauna shiru, sai karatu. Ni da na yi aikin nas har na yi ritaya ban taɓa shiga helikwafta ba, amma yau in aka tashe ni daga barci zan iya maimaita karatun nan nasa. Cewa yake jirgin nan ba ya rabuwa da jijjiga, da ita aka ƙera shi, aikin kawai shi ne ka san wacce ce 'yar gida, wacce ce baƙuwa. In ka ji yana kaɗa ka hagu da dama a hankali, to babbar farfelar sama ce, fiffike ɗaya ya fi saura nauyi. In sama da ƙasa yake yi da kai kamar Keke Napep a layinmu na Badarawa da damina, fukafukan ne ba sa bin hanya ɗaya, wani na hawa wani na sauka. In kuwa tafin ƙafar matuƙi ne ke zuga a kan feda har ya fara mutuwa, a duba ƙaramar farfelar wutsiya. Akwai kuma wadda in ya zo kanta yakan daina murmushi: sandar tuƙi ta yi nauyi ko ta fara fizgar hannun matuƙi da kanta. Wannan, in ji shi, ba a tsayawa bincike a sama, wurin sauka ake nema.

Ya ba mu labarin yadda suke yi a da, kafin na'ura ta zo. Wai za a shafa wa bakin kowane fiffike alli mai launi daban, a tayar da jirgi a ƙasa, shi kuma ya ɗauko doguwar sanda mai ƙyalle a kanta ya matsa a hankali har bakin fukafukan su ɗan taɓa ƙyallen. Sai a duba: in launukan sun faɗa wuri ɗaya, lafiya, in ja na sama shuɗi na ƙasa, akwai aiki. Na ce masa, "Wato kana tsaye da sanda a gefen wuƙar da za ta iya raba ka biyu, kuma gwamnati na kiran wannan aiki?" Ya ce ai shi ya sa ba a ɗaukar bayi. Da na'urar auna jijjiga ta zo, ba zan yi masa sharri ba, ya zauna ya koye ta har ya koya wa wasu. Sai dai bai taɓa barin ta ta yi magana ita kaɗai ba. Yakan ce na'ura ta faɗi nata, hannu ya faɗi nasa, in bakinsu ya zo ɗaya a sallami jirgi.

Matarsa Hadiza ma'aikaciya ce a ma'aikatar ilimi, mace mai sanyi, irin waɗanda sai kin matso kafin ki ji abin da suke faɗa. Yadda ta zauna da mutumin nan shekara da shekaru ba ta taɓa jifansa da ludayi ba, Allah ne kaɗai zai biya ta. Ranar da ta haifi 'yarsu ta fari, Nafisat, a asibitin da nake aiki ne, ni na karɓi haihuwar. Na fito da murnata ina neman uban jaririya a kan benci, babu shi. Na zaga baya, sai ga shi a ɗakin janareta, hannu a jikin ƙarfe. Na ce masa an samu mace, uwa da 'ya lafiya. Ya ce, "Alhamdu lillahi," idonsa ya kawo ruwa, na gani da idona. Sannan ya share ido ya ce, "Amma fa janaretanku ƙafa ɗaya ta saki." Daga baya Hadiza ta ce min tsoro ne ya kai shi can, ba ya iya zama yana jin nishinta. Na yarda da ita, amma ban fasa ba da labarin yadda na ga dama ba.

Da ya yi ritaya daga soja mun ɗauka za mu huta. Ina. Ko wata uku bai yi a gida ba, ya gama da fankokin dangi, ya koma kan injin wankin Hadiza, sai Allah ya taimake mu wani kamfani mai zaman kansa ya ɗauke shi. Suna da rumfa can bayan Mando da 'yan jiragensu da ake haya, masu duba layin wutar lantarki da ɗaukar manyan mutane. Shi ne babba a kan masu gyara. Duk jirgin da aka taɓa wa farfela, sai an yi tashin gwaji da shi a ciki kafin a mayar da shi aiki. A nan ya haɗu da Kyaftin Suhaib, matuƙi, sa'an 'ya'yansa, yaro mai ladabi wanda ba ya kiransa komai sai Baba. Sharhabilu na son yaron nan, kodayake a gabansa cewa yake tuƙinsa kamar na mai koyon keke.

Ranar sunan jikarsa na fara gani. Yana zaune a tabarma a ƙofar gida, an gama addu'a, hannunsa na dama a kan gwiwa. Babban yatsa da manuni suna ta murza juna. Na ɗauka tasbihi yake yi, har na shirya ce masa tsufa ya sa ya tuna da Allah. Sai na duba da kyau, babu carbi a hannun, bakinsa kuma hira yake yi da wani. Aka miƙo masa kofin kunu, ya karɓa, hannun ya tsaya cak. Ya ajiye kofin, ya mayar da hannun gwiwa, can sai ya ci gaba. Ni ba likita ba ce, amma na daɗe a asibiti, na ga irin wannan hannun a wurin tsofaffi da yawa. Ranar ban tsokane shi ba, har ya aiko a tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Bayan 'yan watanni Hadiza ta zo min gida a Badarawa da yamma, ta tashi daga aiki ko gida ba ta biya ba. Muka gaisa, ta zauna tana wasa da bakin mayafinta. Na ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta, na san ba kewata ce ta dame ta ba.

Ta ce, "Yaya Harira, maganar Abban Nafisat ce."

Na ce, "Hannun?"

Ta ɗago ta dube ni, sai ta sunkuyar da kai. Ta ce akwai jirgi ɗaya a wurin aikinsu da aka canja wa fukafukai, an yi makonni yana ajiye, ya ƙi sallamarsa. Duk tashin gwajin da aka yi, sai ya sauko ya ce akwai jijjiga a babbar farfela. Na'ura ta ce babu, Kyaftin Suhaib ya ce bai ji ba, shi ya ce yana ji a hannunsa. Ya sa masu gyara sun ƙara nauyi a wannan fiffike, sun rage a wancan, sun kwance sun ɗaure, har sun fara gunaguni a bayan idonsa. Gida kuma in ya dawo ba ya cin abinci, yana zaune yana zane a iska da yatsa.

Na ce, "Ke wa ya gaya miki duk wannan? Shi dai na san ba zai faɗa ba."

Ta ce Kyaftin Suhaib ne ya zo gaishe ta lokacin da ya san Baban ba ya nan. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce shi a ganinsa bugun rawar hannun Baba ya zo kusan daidai da juyin babbar farfela, shi ya sa yake jin kamar daga jirgin take fitowa. Amma shi ba zai iya duban idon Baba ya gaya masa haka ba, mutumin da ya koya masa sauraron jirgi.

Na ce, "To ke fa? Ba mijinki ba ne?"

Ta ce, "Na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in ji nauyi. Ke ce kawai kike gaya masa komai."

Maganar gaskiya, na ji daɗin wannan yabo. Na ce mata ta bar min shi, gobe-goben nan zan daidaita mata shi. Washegari Asabar na shirya na tafi gidansu da ƙarfin gwiwata. Na tarar da shi a tsakar gida ya baje kayan famfon ruwa a kan buhu, wai yana yi masa wata ƙara da ba ta yi masa ba.

Na ce, "Bakanike, hannun nan naka fa rawa yake yi."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ganin ki ne. Duk wanda ya ga fuskar nan da safe dole jikinsa ya yi rawa."

Na ce, "Ba wasa nake yi ba, Sharhabilu. Na gani ranar suna, na kuma gani yanzu kafin ka ɗauki sufana. Ka zo mu je ka ga likitan jijiya."

Sai ya ɗauko wani ɗan mitsitsin noti, ya ɗaura shi a kan ƙusa da yatsa biyu, ya murza shi har ƙarshe ba tare da ya kuskure ba. Ya ɗaga min ya ce, "Mai rawar hannu ya yi wannan mu gani. Ke da zare ma sai jikarki ta zura miki a allura."

Na ce masa ai irin wannan ciwon haka yake, in hannu na aiki sai ya lafa, in ya huta yake tashi. Na ce jirgin da ya hana tashi lafiyarsa ƙalau, shi ne ba shi da lafiya. Na faɗa da babbar murya, har Hadiza ta leƙo ta taga ta koma. Ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki, ya ce wannan sabuwa ce, bara na ce ya kurumce, bana kuma hannu, baɗi sai in ce ya haukace a kai shi asibiti in gaje gidan.

A nan na gane wautar da muka yi ni da Hadiza. Tun muna yara nake ce masa ya tsufa, ya makance, ƙwaƙwalwarsa ta kwance, shi ma yana ce min haka. Bakin da ya saba da wannan, yau don ya zo da gaskiya wa zai saurare shi? Na rantse masa da Allah, ya ce ai ko a wasa ina rantsuwa. Raina ya ɓaci sosai, na ce masa ya je ya yi ta kwance jirgin mutane har su kore shi, na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi wa Hadiza ba. A cikin Keke Napep na yi kuka, mai keken yana ta leƙena ta madubi.

Abin da ya faru bayan nan a sama, Kyaftin Suhaib ne ya ba ni labari, shi kuma Sharhabilu daga baya ya cika min abin da yaron ya ji nauyin faɗa. Masu kamfani sun gaji da jira. Suka ce in ba a sallami jirgin a makon ba, za su ɗauko wasu masu bincike daga Legas su duba. Wannan ne ya tayar wa Suhaib da hankali. Baƙi ba su san Baba ba, ba ruwansu da girmansa. Za su hau, su duba na'ura, su duba hannunsa, su faɗi abin da suka gani a gaban yaran da ya koya wa aiki. Sai ya roƙi a ba shi tashi ɗaya tak, shi da Baba su biyu.

Da hantsi suka tashi, an yi ruwa da asuba gari ya yi fes. Kafin ya tayar da injin, Suhaib ya ce, "Baba, yau ni ɗalibi ne. Jijjigar nan ta gagare ni. Ka bi da ni daki-daki yadda kake koya mana, ko Allah zai sa in ji ta." Sharhabilu ya ji daɗi, don babu abin da yake so kamar a ce masa ya koyar. Ya gyara abin magana a kunnensa, ya ɗora tafin hannunsa na dama a jikin ƙarfen gefen ƙofa, inda ya saba.

Suka ɗaga kaɗan suka tsaya a iska wuri ɗaya. Ya ce, "Tana nan." Ya ce wa Suhaib ya miƙa gaba a hankali. Suka bi ta saman gonakin da ke bayan Mando, rufin gidaje na raguwa a ƙarƙashinsu. Ya ce, "Tana nan." Ya ce a ƙara gudu. Aka ƙara. Suhaib ya tambaye shi, "Ta ƙaru, Baba?" Ya ce, "A'a. Yadda take." Ya ce a karkata hagu, a karkata dama. Aka yi. Ya ce a rage ƙarfi a gangara kamar za a sauka, sannan a sake hawa. Duk aka yi. Kowane karo Suhaib na tambaya cikin ladabi ko ta sauya, kowane karo amsar ɗaya ce, sai dai muryar Baba na ƙara yin ƙasa.

Shi da bakinsa ya sha gaya musu cewa jijjigar jirgi ba ta zama yadda take in ka sauya wa jirgi hali. Ta fukafukai takan ƙaru da gudu, wata ta fito a gangara, wata ta ɓace in an tsaya wuri ɗaya. Wadda ba ruwanta da gudu, ba ruwanta da hawa ko sauka, bai taɓa gamuwa da ita ba. Suhaib bai tuna masa ba. Ya riƙe sandarsa yana kallon gaba.

Can Sharhabilu ya ce, "Kyaftin, ƙafarka fa? Feda na zuga?"

"Babu komai, Baba."

"Sanda ba ta yi nauyi ba? Ba ta fizga?"

"Lafiya lau take."

Sai ya janye hannun dama ya ajiye a cinya. Ya miƙo na hagu ta gaban ƙirjinsa ya ɗora a daidai wurin. Ya daɗe a haka, ido a rufe. Ya gaya min daga baya cewa bai taɓa jin jirgi mai laushin tafiya kamar wannan ba, 'yar gida ce kawai ke motsi a ƙarƙashin hannunsa. Ya janye na hagun, ya mayar da na dama. Baƙuwar jijjigar ta dawo. Ya ce, "Mu koma."

Suka sauka a gaban rumfa. Suhaib ya bar injin ya huce, ya kashe. Fukafukan suka yi ta ragewa har ana iya ganin kowanne, suka ja jiki suka tsaya. Sharhabilu bai cire hannunsa daga jikin ƙarfen ba. Suhaib ya ce min shi dai ya duƙufa yana taɓa maɓallan da ya riga ya kashe, don kada su haɗa ido.

Sharhabilu ya ce, "Kyaftin, farfela ta tsaya?"

"Ta tsaya, Baba."

"Injin a kashe yake?"

"A kashe yake."

Ya ce, "To."

Ya ɗan ƙara zama, sannan ya kwance bel ɗin kujera ya fito. Masu gyara sun taru suna jiran a ce su sake ɗauko tsani. Ya ce musu jirgi lafiyarsa ƙalau, a mayar da shi aiki. Ya ce ya wahalar da su a banza, su yafe masa. Ya shiga ofis ya yi magana da manaja, ya fito ya ɗauki hularsa.

Suhaib ya kira Hadiza a waya tun kafin Baban ya bar harabar, ita kuma ta kira ni. Na ce ba zan zo ba, fushi nake yi. Kafin ta ajiye wayar na riga na sa mayafi. A hanya na shirya maganganun da zan tarbe shi da su, masu zafi, don a ganina in na tsokane shi zai fi samun sauƙi.

Muna zaune ni da Hadiza a falon gidansu bayan azahar ya yi sallama. Ya cire takalmi, ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Harira." Haka kawai, ba baiwa, ba komai. Duk abin da na shirya ya bi iska.

Ya ce, "Jirgin lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Na gaya musu yau ne hawana na ƙarshe. Zan riƙa duba aikin yara a ƙasa in suna so. Likitan nan da kika ce, ki nema mana rana."

Na ce to. Tausayinsa ya kama ni. Ya ɗora hannun a kan gwiwa, nan da nan yatsun suka fara murza juna. Wannan karon bai kawar da kai ba, ya zuba masa ido yana kallo.

Hadiza ta tashi daga inda take. Ita da ko sunansa ba ta faɗa a gaban mutane, ta zo ta zauna a hannun kujerarsa a gabana, ta ɗora tafinta a kan nasa.

Ya ce, "Ke ma kin sani?"

Ta ce, "Tun azumin bara. In kana barci ba ya yi. In ka zauna jin labarai ne yake tashi."

Ya ce, "Shi ne ba ki gaya min ba."

Ta ce, "Na ga duk abin da ya motsa a gidan nan kai kake fara ji. Na ce wannan ma za ka ji."

Hannun na ta rawa a ƙarƙashin nata har nata ma yana motsi, ba ta ɗaga ba, shi ma bai janye ba.